Gizaka a Ceɗiyar Asibiti

Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da lambun asibitin nan, kuma ganye ɗaya bai taɓa faɗuwa ban san dalilinsa ba. Manaja bakwai na ga zuwansu, na ga tafiyarsu. Maciji ya sare ni a bayan ɗakin ajiyar magani, na kashe shi, na kai shi gaban likita da hannuna don ya san irin allurar da zai yi mini. Na faɗo daga tsani kafaɗata ta goce, washegari ina ban ruwa da hannu ɗaya. Ban taɓa zama a aji ba ko na minti guda, amma ka kawo mini ganyen da aka ci, in gaya maka wanda ya ci shi, da lokacin da ya ci, da inda ya je ya kwanta bayan ya ƙoshi.

A tsakar asibitin, tsakanin ɗakin yara da ɗakin masu ciwon ƙirji, akwai wata ceɗiya. Mutum uku ba sa zagaye gindinta da hannu. Benci huɗu ne a ƙarƙashinta, nan masu jinya ke zama su ci abinci, su yi waya, wasu su yi kukansu a ɓoye kafin su koma ciki da fuskar dariya. Duk abin da ke lambun nawa ne, amma ita daban ce. Ranar da aka yi mini aikin ido, da na fito, ita na fara gani sarai.

To, bara da farkon damina, cikin kwana tara aka yi mata aski ƙwal-kwabo. Sai ɗan abin da ya rage can ƙololuwa. Rana ta sauko kan bencina ta zauna, masu jinya suka watse suka koma raɓe-raɓe a jikin bango.

Ranar Litinin sabon Manaja ya aiko a kira ni. Shi ne na takwas, watansa uku da zuwa, matashi ne mai biro biyu a aljihu. Ba mugu ba ne, gaskiya, sauri ne kawai ya yi masa yawa.

"Baba, zauna."

"Ranka ya daɗe, in na nutse a kujerar nan mai laushi sai an kira mutum biyu su ciro ni. Faɗi, ina ji."

Ya ce yara shida a ɗakin yara jikinsu ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, ga nas biyu su ma suna ta susa. Ya ce ya nemi a yi feshi, likita ya hana, don tagogin masu ciwon ƙirji suna kallon bishiyar, kuma mai numfashi da ƙyar ba a ƙara masa guba.

"Saboda haka abu biyu ya rage, Baba: ko bishiya, ko yara. Ka san wanda zan zaɓa. Mai zarto zai zo ranar Asabar."

Sai na zauna a kujerar da na ce ba zan zauna ba.

Ya jawo wata takarda da ofishin gona suka aiko masa, ya karanto mini wata kalma mai tsawo kamar igiyar guga. Sau biyu harshensa yana tuntuɓe a kanta.

"Me take nufi?" na ce.

"Wai ƙwari masu cin ganye."

"Ranka ya daɗe, akuya ma mai cin ganye ce. Ni kaina in an dafa mini, ci nake. Wannan ba suna ba ne, tuhuma ce. Wanda ya rubuta ya zo ya ga bishiyar?"

"Hoto na tura masa. Masu gadi sun ce fara ce."

"Masu gadi ƙofa suka sani."

Na fita na tsinto ganye uku a ƙasa, na dawo na jera masa a kan tebur, kan takardar tasa. Na ce ya duba. Fara da fiffike take zuwa, da rana tsaka, kowa na ganinta, ta ci ta tashi, ba ta barin ko tsinke. Babe shi kaɗai yake yawonsa, ya gutsuri gefen ganye ya yar, kamar yaro mai gatan uwa. Tsutsar lemo tana cin sabon toho ne kawai, ba ruwanta da tsohon ganye. Amma wannan an cinye naman, an bar jijiyar tsakiya tsaye kamar ƙashin kifi.

"Wannan aikin gizaka ne. Tsutsa ce mai gashi, gashin ne ke sa ƙaiƙayi. Kowane ɗaya da sunansa, ranka ya daɗe, kuma sai ka san sunan ka san halin. Gizaka tana da wa'adi. In ta ƙoshi sai ta sauko ta nemi lungu ta naɗe kanta, ta daina ci. Ta kusa. Bishiyar nan kuwa da ranta."

Ya kalli ganyen, ya kalle ni.

"Ni ba ran bishiya ne ya dame ni ba. Ranar Asabar da safe zan tambayi Sista. In ta ce ƙaiƙayi ya tsaya, sai mu yi magana. In bai tsaya ba, kada ka zo mini da ganye."

Sista ita ce babbar nas ta ɗakin yara. Na san ta tun tana ɗaliba mai tsoron jini, yanzu kuwa in ta ɗaga gira likitoci ma gyara tsayuwa suke.

Daga ofis ɗakin wanki na nufa. Mai wankinmu mace ce mai baki, in ta gaishe ka sai ka duba ko an yanke ka.

"Baba mai fartanya, an ce za a yanke budurwarka."

"Bakinki ya sari dutse. Ba ni tsohon zanen gado fari, wanda kuka daina shimfiɗawa."

"Likkafani za ka yi mata?"

"Awo zan yi."

Ta ba ni tana dariya. Na shimfiɗa shi a ƙarƙashin reshen da ya fi sauran ganye, na danne kusurwa huɗu da duwatsu. Wannan dabara ba wanda ya koya mini ita. Tsutsa tana sama ba ka iya ƙirga ta, amma abin da ta ci dole ya fito, kuma ƙasa zai faɗo. Kashin gizaka baƙi ne, ƙanana kamar an barbaɗa yashi. In ka tara na yini ɗaya a gwangwani, ka san ko rundunar tana ƙaruwa ko tana raguwa.

Sannan na yanka buhun algarara biyu, na ɗaura a gindin bishiyar daidai ƙirjina, na naɗo bakinsa ƙasa ya yi kamar rumfa. In rana ta yi zafi gizaka takan sauko neman inuwa, tunda ta cinye tata da bakinta. Sai ta shige ƙarƙashin buhun. Da azahar in ɗaga, in tarar da su cunkus, in kwashe in zuba a bokitin ruwan sabulu. Da hannuna nake kwasa, ba safa, ba komai. Masu jinya suka taru daga nesa suna salati.

"Baba, ba ta cizonka?"

"Fatar da maciji ya sara ya yi nadama? 'Yar tsutsa me za ta yi mata?"

Gaskiya ce kuwa. Tafin hannuna ya fi tayar mota tauri, kuma ko a wuyana ban taɓa jin ƙaiƙayin ba.

Abu ɗaya ne ya dame ni: ƙazanta. Kashin nan da saɓar da suke yarwa sun rufe tsakar wurin baƙi ƙirin. Ni kuwa a tarihina ba a taɓa cewa an ga datti a lambuna ba. A da, sau ɗaya nake shara, da safe. Tun da gizaka ta zo na mai da ita sau uku, da babbar tsintsiyata mai dogon hannu, ina yi ina kaɗa ƙura har kan bango, don Manaja in ya leƙo ya ga wuri fes.

Talata, gwangwani ɗaya da rabi na tara a zanen. Laraba, ɗaya bai cika ba. Alhamis, rabi. Na ɗauki gwangwanin na nufi ɗakin yara ina taku ɗai-ɗai, na tarar da Sista a bakin ƙofa.

"Sista, albishirinki. Suna ƙarewa."

"Baba, ka riƙe albishirinka. Yara uku sun ƙaru jiya da yau. Akwai wata 'yar wata takwas, uwarta ta sa mata safa a hannu don kada ta yage fuskarta. Je ka ga hannun mai wanki ma."

Na je. Daga wuyan hannu har gwiwa ya kumbura, ja wur. Ranar ko zolaya ba ta yi mini ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na koma na zauna a benci cikin rana. Tsutsa tana raguwa, ƙaiƙayi yana ƙaruwa. Yaran nan ba mai fitowa waje. Na duba tagoginsu ɗaya bayan ɗaya, akwai raga, gizaka ba ta da hanyar shiga. A shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin lissafin da ya ƙi fita haka ba. Saura kwana biyu.

Da yamma na koma gida. Tsohuwata, wato uwargidana, tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune, da baho a gabanta, tana wanke rigar aikina ta jiya. Ko sannu da zuwa ban samu ba.

"Malam, zo ka ga abin da ka kwaso mini."

Ta miƙo hannuwanta. Irin na mai wanki sak.

"Ke kuma yaushe kika je asibiti?"

"Rabona da asibitinku tun haihuwar auta. Rigarka ce. Cire ta jikinka in gani."

Na cire na ba ta. Ta riƙe ta da yatsa biyu, ta ɗaga ta saitin hasken rana. Idonta ya fi nawa, ko da aikin da aka yi mini. Ta ce in matso. Sai na ga wani abu siriri yana ƙyalli a jikin yadin, kamar gashin jariri, ko'ina: kafaɗa, baya, cikin wuya, har cikin aljihu.

"Ka ce da hannu kake kwasar su. To, me ya kai gashinsu bayanka? Birgima kake yi a ciki?"

"Ƙura ce dai ta shara."

"Sau nawa kake sharar?"

"Uku."

"Kana yayyafa ruwa?"

Na sosa ƙeya.

"Busasshiya kake yi, ko? Da wannan tsintsiyar taka mai kama da ta share kasuwa. Iska ta wane gefe take bi?"

Daga gabas take zuwa, ta ratsa ƙarƙashin bishiyar, ta bi ta kan igiyoyin shanya, ta daki tagogin ɗakin yara. Raga tana tare tsutsa, ba ta tare gashi. Zanen gadon da ake shimfiɗa wa yaran a kan igiyoyin nan yake bushewa. Gashin da ke kwance a ƙasa ba ya cutar da kowa, ni ne nake tashinsa sau uku a rana in raba wa mutane. Da fatata irin ta kowa ce, da tun ranar farko na gane.

Na gyara murya. "Abin da nake shirin faɗa ke nan."

"Ai na sani. Shekara hamsin ina riga ka faɗin abin da kake shirin faɗa. Ɗebo mini ruwa mai sanyi in tsoma hannuna, gwanin lambu."

Na ɗebo mata, har da man shafawa. Ban ci wani abin kirki ba ranar.

Juma'a da sassafe na jawo tiyo daga famfon baya, na jiƙe tsakar wurin sharkaf, tun daga gindin bishiyar har bangon ɗakin yara. Na wanke bencina, na wanke ragar tagogi daga waje. Da ƙasa ta zama taɓo sai na kankare da shebur, na loda a baro, na kai bayan katanga na haƙa rami na binne. Baro goma sha ɗaya, ni kaɗai, da shekaruna saba'in da wani abu. A nemo mini matashin da zai yi wannan kafin ƙarfe tara.

Sannan aiki mai wuya ya zo. Na tarar da Sista tana rubutu a teburinta.

"Sista, na kamo mai laifin."

"Wane ne?"

"Ga shi a gabanki."

Na faɗa mata komai, ban rage ba, sai dai ban ambaci tsohuwata ba, don ba a tambaye ni ba. Ta ajiye biro. Na shirya wa faɗa. Sai ta tashi ta shiga ba da umarni: a rufe tagogin gabas, a kwashe duk zanen gado a sake wankewa, a goge gadaje da tsumma mai ruwa, a mai da shanya bayan ɗakin girki. Da ta gama ta juyo.

"Ina tsintsiyar?"

"Tana waje."

"Kawo ta."

Na kawo, ta sa ta a bayan ƙofar ofishinta, ta murza makulli, ta jefa shi a aljihu.

"Baba, da ka yi shiru ka jiƙa ƙasarka, ba mai sani."

"Da zanen gadon ya ci gaba da cin yara. Ni ban iya rabin aiki ba."

Mai wanki da ta ji labari, bakinta ya dawo nan take. "Ashe kai ne babbar gizakar! A ɗaura maka buhu a ƙugu mu gani ko za ka shige." Na bar ta ta yi, tana bina bashin hannunta.

Asabar ƙarfe takwas mai zarto ya iso da injinsa a kafaɗa da galan ɗin fetur. Ƙato ne, mai fara'a. Ya zagaya ceɗiyar yana buga gindinta da tafin hannu kamar mai taya bijimi a kasuwa.

"Baba, ka matsa da zanenka. Awa uku na gama da ita."

"Ɗana, ajiye abin nan tukuna. Ba a yi hukunci ba."

Manaja ya fito, Sista tana bayansa. Na kai shi gaban zanen. Tun jiya da azahar ban taɓa shi ba, abin da ke kai ko cokali ba zai cika ba. Na ɗaga buhun, guda huɗu kawai, su ma sun yi lakwas. Na sa farce na karce ɓawon wani reshe, farin ruwa ya tsatso kamar madara. Na jawo kan reshen na nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen toho, kowane bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Na gani, Baba. Amma na gaya maka ba wannan ce tambayata ba. Sista?"

"Daga jiya da rana zuwa yanzu ba wanda ya ƙaru. 'Yar jaririyar ta yi barci, an cire mata safa."

"Kwana ɗaya ba hujja ba ce."

"Ba hujja ba ce," in ji ta. "Amma mun san ta inda abin yake shigowa, kuma yana kulle a ofishina."

Manaja bai gane ba, sai da ta yi masa bayani a gabana, a gaban mai zarto, a gaban masu jinya da suka taru. Na tsaya ƙyam ina kallon sama. Mutumin da ya faɗo daga tsani bai yi kuka ba, dariyar mutum goma ba za ta kayar da shi ba. Manaja ya cije leɓe, ya cije, ya kasa, ya fashe da dariya har yana riƙe biron aljihunsa.

Da ya natsu ya ɗaga kai ya daɗe yana duban bishiyar. Ya nuna wani reshe da ya miƙa har kan rufin ɗakin yara.

"Wancan zai tafi yau, don ko baɗi tsutsar ta dawo kada ta samu gada. Sauran na ba ta mako ɗaya. In yaro ɗaya ya yi susa, ba sai na kira ka ba, mai zarto zan kira." Ya zaro takardar ofishin gona daga aljihu, ya juya bayanta. "Me ka ce sunan tsutsar nan?"

"Gizaka."

Ya rubuta. Na ce ya ƙara da cewa ba a share ƙarƙashinta a bushe, ya rubuta wannan ma.

Ni na nuna wa mai zarto inda zai sa haƙori, ɗan nesa da gindin reshen, a karkace, don ruwan sama ya riƙa zubewa kada wurin ya ruɓe. Ya ce shekararsa goma sha biyar yana yanka, ba a taɓa koya masa ba. Na ce yau an koya masa. Da reshen ya faɗi na juya baya, ban kalla ba, amma reshe ɗaya ne.

Makon ya wuce ba wanda ya yi susa. Ranar da ya cika Manaja ya wuce ni a baranda, ya ce, "Baba, ina gajiya," bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Da hantsi ranar wata mata ta fito daga ɗakin yara da kwanon abinci, ta zauna a benci, ta ɗora mayafi a ka saboda rana. Ta kalli rassan nan tsirara, ta kalle ni.

"Baba, yaushe za a samu inuwa a nan?"

"Kwana goma sha biyu, 'yata. Ki rubuta."

"Kafin nan an sallame mu, in Allah ya so."

"To, ki dawo ki gani."

"Allah ya kiyaye in dawo asibiti don inuwa!"

"Amin," na ce, "amin. Ci abincinki."

Kwana goma sha tara ta yi kafin inuwar ta rufe benci huɗun. Bakwan da suka hau kai ruwan sama ne ya makara, wannan kuwa ba a hannuna yake ba.